Yadda Ake Shigar da Zanen Bekta Mai Leyoyi Cikin Manhajar AR

Zanen da ke kan allon kwamfuta ido ɗaya aka yi wa shi, idon da ke zaune wuri guda. Bishiya tana gaban tsauni, tsauni yana gaban rana, mai kallo kuma ba shi da halin leƙa bayan bishiyar. Da ka kai wannan zane cikin manhajar AR, wato fasahar da ke ɗora abin da aka zana a kan abin da kyamarar waya take gani, sai labari ya sha bamban. Mai riƙe da waya zai matsa dama, ya matsa hagu, ya durƙusa, ya zagaya ta baya, kuma duk abin da ka ɓoye sai ya gani. Shi ya sa mafi yawan wannan aiki a manhajar zane ake gama shi, tun kafin a taɓa manhajar AR. Shigarwar kanta ba ta cin lokaci. Shirin da ke gabanta ne ke nuna ko zanen zai tsaya da zurfinsa ko zai zube.

Zan yi misali da zane guda har ƙarshe: sararin sama da rana, tsaunuka, tafki da kwale-kwale, bishiya, ciyayi a gaba, da rubutun take. Sunayen umarni kuwa zan bar su yadda suke rubuce a manhajojin, don ka same su ba tare da laluben duhu ba.

Waya ba ta san bekta ba

Zanen bekta, irin wanda ake yi a Adobe Illustrator, Inkscape, Affinity Designer ko CorelDRAW, lissafi ne na ɗigo da lanƙwasa da launi. Wannan ne dalilin da ya sa ba ya dusashewa ko ka faɗaɗa shi ya kai girman gini. Injin da ke zana hoto a cikin waya kuwa abu biyu ya sani: alwatika, da hotuna masu fiksel da ake shafa wa alwatikar. Ko da manhajar ta karɓi fayil ɗin bekta irin AI (na Illustrator) ko SVG kai tsaye, a ɓoye tana juya shi ne zuwa ɗayan biyun. Tunda juyawar dole ce, gara kai ka yi ta da hannunka, ka zaɓi girma da tsabtar da kake so.

Hanyoyi biyu ne. Ta farko, kowace leya, wato kowane fallen zane da aka ɗora a kan wani, ta zama hoto mai bango shara-shara, a jera su a tsaye ɗaya bayan ɗaya kamar yankakkun kwalaye. Adobe Aero, manhajar AR da ta fito a 2019 aka kuma daina ta a 2025, ita ta sa masu zane da yawa suka saba da wannan salo, domin a lokacin tana karɓar fayil mai leyoyi ta ba ka damar buɗa tazara tsakaninsu. Ta biyu, a ba wa surorin kauri su zama abu mai jiki a manhaja irin Blender. Idan zanenka yana da launuka masu narkewa cikin juna, hazo, ko ƙananan ado masu yawa, bi ta farko. Idan tambari ne ko rubutu mai launuka tsayayyu, ta biyu ta fi kyau da sauƙin nauyi. Zan fi daɗewa a kan ta farko domin ita mafi yawan mutane ke buƙata.

Mataki na 1: Yanke girman gaske

Kafin komai, tambayi kanka: wannan abu a kan teburi zai tsaya, ko a ƙasa, ko a jikin bango? Faɗinsa santimita 30 ne ko mita 2? Mai kallo daga ina zai tsaya? Rubuta amsoshin, domin duk lissafin da ke tafe a kansu ya dogara. A misalinmu, faɗin mita 1, tsayin santimita 75, mai kallo kuma yana kimanin mita 1.5 daga zanen.

Sai ka yi kwafin fayil ɗin ka ajiye na asali a gefe. Matakan da ke gaba suna kashe damar gyara rubutu da wasu ado, kuma ba a dawo da su.

Mataki na 2: Sake jera leyoyi bisa nisa

Mai zane yakan raba leyoyi don sauƙin aikinsa: layuka a nan, launuka a can, inuwa a wani wuri. AR ba ruwanta da wannan tsari. Tambayarta ɗaya ce: mene ne ke kusa, mene ne ke nesa? Duk abin da ke nisa ɗaya daga mai kallo ya koma leya ɗaya, da layinsa da launinsa da adonsa. Idan ka bar layin bishiya a leya guda, launinta a wata, da an buɗa tazara za ka ga layin yana shawagi a gaban launin kamar an zare wa bishiyar ƙashi.

Manyan leyoyi na sama su ne abin dogaro. Ƙananan da ke cikin ciki, da rukunan da aka ɗaure, sau da yawa ana haɗe su wuri guda lokacin fitarwa. Idan duk zanenka a leya ɗaya yake, a Illustrator ka fara ɗaure kowane nisa a rukuninsa, ka zaɓi leyar, ka yi amfani da "Release to Layers (Sequence)" daga allon leyoyi, sannan ka ja sababbin leyoyin ka fito da su sama. A Inkscape za ka ƙirƙiri leyoyin ka riƙa tura abubuwa cikinsu.

Leya nawa? A ganina biyar zuwa takwas sun ishi mafi yawan zane. Ƙasa da uku zurfin ba ya fitowa, sama da goma kuma ido ba ya ƙaruwa da komai, waya ce kawai ke shan wahala. Namu shida ne. Ka sa musu suna da lamba a gaba, daga baya zuwa gaba: 01_sama, 02_tsaunuka, 03_tafki, 04_bishiya, 05_ciyayi, 06_take. Yi amfani da haruffa marasa ƙugiya, kada ka bar sarari a cikin sunan, domin wasu manhajoji suna birkita irin waɗannan sunaye. Lambar kuma za ta cece ka ranar da manhaja ta jera maka fayiloli bisa haruffa.

Duk abin da kake so ya motsa shi kaɗai, kamar kwale-kwalen nan, dole ya sami leyarsa dabam ko da nisansa ɗaya da tafki.

Mataki na 3: Zana abin da ke ɓoye

Nan ne aiki yake, kuma nan ne aka fi tsallakewa. A zane na fili ba wanda ke ɓata lokaci yana zana sashen tsaunin da bishiya ta rufe. Wani ma yanke wurin yake yi ya jefar don fayil ya yi sauƙi. Ranar da na fara ganin illar wannan, na ɗaga waya na matsa taki biyu zuwa dama, sai ga rami mai siffar bishiya a tsakiyar tsauni, ana hango bangon ɗakin ta cikinsa. Tun daga ranar ba na fitar da fayil sai na kashe leyoyin gaba ɗaya bayan ɗaya na duba abin da ya rage.

Yi haka kai ma. Kashe ciyayi, ka duba ko gindin bishiya ya kai ƙasa. Kashe bishiya, ka duba ko tafki da tsauni cikakku ne a bayanta. Kashe tsaunuka, ka duba ko rana da'ira ce cikakkiya ko rabi ce kawai aka zana. Kowace leya ta iya tsayawa ita kaɗai ba tare da kunya ba.

Akwai lissafi mai sauƙi da zai nuna maka iyakar abin da za a gani. Idan mai kallo ya tsaya a kusurwar digiri 45, faɗin abin da zai hango a bayan wata sura daidai yake da tazarar da ke tsakanin leyoyin biyu. Tazarar santimita 10 tana tona santimita 10. A digiri 30 kuwa kusan santimita 6 take tonawa. To idan ba za ka iya cike bayan gaba ɗaya ba, aƙalla ka shigar da zanen ƙarƙashin abin da ya rufe shi da faɗin tazarar da ka yi niyya. Ni dai na fi son cikewa duka, domin yara musamman ba sa tsayawa a digiri 45, kai tsaye gefen zane suke nufa.

Ka kuma duba gefuna. Tsaunin da gefen allon zane ya yanke tsaf yana da kyau a cikin firam, amma a tsakiyar ɗaki sai ya zama abu mai gefe kamar an sare shi da wuƙa. Ko dai ka sauko da gefen a hankali ya ƙare da siffa ta halitta, ko ka yi wa dukan zanen firam a gaba wanda zai sa yankewar ta zama da gangan.

Mataki na 4: Tsabtace fayil

Mayar da tsarin launi zuwa RGB. Idan an yi zanen ne don bugawa a takarda, yana CMYK, kuma launukansa za su fito a dushe a fuskar waya. Bayan juyawar ka sake duba launuka da idonka, wasu sukan kauce.

Juya rubutu ya zama sura: "Create Outlines" a Illustrator, "Object to Path" a Inkscape. In ba haka ba, na'urar da ba ta da irin salon rubutunka za ta musanya shi da wani. Layuka masu kauri ma a mayar da su surori da "Outline Stroke" ko "Stroke to Path", ado na musamman kuma a tabbatar da shi da "Expand Appearance". Layin da ya cika siriri ka ƙara masa kauri, domin a AR siraran layuka suna ƙyalƙyali suna ɓacewa da hannu ya ɗan girgiza. A zane mai faɗin mita 1, ba na barin layi ƙasa da milimita 2.

Sai batun inuwa da gaurayar launi, wanda ke buƙatar natsuwa. Salon gauraya irin "Multiply" da "Screen" yana aiki ne ta hanyar duba launin da ke ƙarƙashi. Da an raba leyoyi, babu sauran abin da ke ƙarƙashi, sai inuwar ta koma tabo mai toka-toka. Maganin shi ne ka musanya ta da baƙi ko launi mai duhu wanda aka rage wa ƙarfi. Kuma inuwa ba ta zama a leyar abin da ya jefa ta, tana zama ne a leyar da ta faɗa a kai. Inuwar kwale-kwale ta tafki ce. Idan ka bar ta manne da kwale-kwalen, za ta tashi tare da shi tana yawo a iska. Inuwar da ke zagaye rubutu don ya fito fili kuwa gara a goge ta, tazarar gaske za ta yi wannan aikin.

Abin rufe-gefe, wato "Clipping Mask" da ke ɓoye duk abin da ya fita daga cikin wata sura, idan ya ratsa leyoyi da dama shi ma zai karye, don haka kowace leya ta sami nata. A ƙarshe ka share ɓoyayyun abubuwa, ɗigon da suka ɓace, da duk tarkacen da ke wajen allon zane. Ɗigo ɗaya da aka manta can nesa yana iya faɗaɗa iyakar leya ya kawar da cibiyarta.

Mataki na 5: Fitarwa

Idan manhajarka ta AR tana karɓar PSD, wato fayil ɗin Photoshop mai leyoyi, a Illustrator ka bi "Export As", ka zaɓi PSD, ka kunna "Write Layers". Tsarin launin da ka zaɓa a nan ya zama daidai da na fayil ɗin, in ba haka ba leyoyin za su haɗe su zama ɗaya. Buɗe sakamakon ka ƙirga leyoyin kafin ka wuce.

Hanyar da ke aiki kusan ko'ina, har da Lens Studio na Snap, Effect House na TikTok, Unity da Blender, ita ce PNG ɗaya ga kowace leya. JPG ba ya riƙe bango shara-shara, don haka ba ya cikin lissafi, sai fa ga leyar can baya idan ta cika allo. Kunna leya ɗaya, kashe sauran, fitar da ita da girman allon zane gaba ɗaya: "Use Artboards" a Illustrator, ko zaɓin shafi a Inkscape, bango kuma a bar shi babu launi. Amfanin wannan shi ne duk hotunan girmansu ɗaya, cibiyarsu ɗaya, da ka jera su sai kowane abu ya faɗa mazauninsa. Idan ka bar manhaja ta datse kowace leya daidai jikin surar, za ka shafe lokaci kana neman inda rana take da ido.

Sai dai wannan sauƙi yana da tsada, kuma ya kamata ka san ta. Girman PNG a ma'ajiya ba shi ne nauyinsa a waya ba. Idan aka buɗe shi ba tare da matsewa ba, kowane fiksel yana cin bait 4, ko akwai zane a wurin ko babu. Hoto mai 2048 sau 2048 yana cin megabait 16. Mai 4096 sau 4096 yana cin 64, mai 1024 sau 1024 kuma 4 kacal. Injin yakan ƙara ƙananan kwafi na hoton don kallo daga nesa, waɗanda ke ƙara kusan kashi ɗaya cikin uku. Leyoyi shida masu 2048 sun kai megabait 96 tun kafin wannan ƙari, alhali kyamara da bin diddigin motsi suna can suna cin nasu rabon. Wasu manhajoji suna matse hotunan su rage wannan nauyi, amma matsewa tana iya ɓata kaifin gefuna, wanda shi ne adon bekta.

Ga yadda nake sasantawa. Leyar da ido zai fi tsayawa a kanta, kamar bishiya da take, ta sami 2048. A faɗin mita 1 wannan yana ba da kusan fiksel 2 a kowane milimita, ya isa ga mai tsayawa a mita 1.5. Sama da tsaunuka, da suke nesa kuma ba su da ƙananan ado, 1024 ya wadatar, tunda siffar allon ɗaya ce za su dace da sauran. Ƙaramin abu kamar kwale-kwale kuwa ba shi da dalilin ɗaukar allo guda na fanko. Datse shi, ka rubuta nisansa daga tsakiya da kuma daga ƙasa, ka sa shi da lamba a manhajar. Idan da hali ka tsaya a kan girma irin 512, 1024 da 2048, injuna da yawa sun fi jituwa da su.

Mataki na 6: Shigarwa da buɗa tazara

Buɗe sabon aiki, shigo da fayilolin. Idan PSD ne kuma manhajar ta tambaye ka ko ta haɗe leyoyi ko ta bar su, zaɓi a bar su. Idan PNG ne, ƙirƙiri shafaffen allo ga kowane hoto, ka tabbata faɗi da tsayinsa sun bi na hoton don kada zane ya miƙe ko ya tsuke. Ka lura da ma'aunin manhajar: fayilolin glTF (tsarin ajiye abubuwa masu jiki) da Unity da mita suke lissafi, Lens Studio kuwa da santimita. Wanda ya rubuta 100 yana nufin santimita a inda ake nufin mita zai ɗaga waya ya ga babu komai, domin yana tsaye ne a cikin zanen.

Tara dukan allunan ƙarƙashin uwa ɗaya, wato abu guda da zai riƙe su duka su riƙa motsi tare, ka sa cibiyar uwar a tsakiyar gindin zanen. Da haka zanen zai tsaya a kan ƙasa, ba zai nutse rabi ba, kuma idan aka ƙara masa girma sama zai yi.

Yanzu tazara. Kada leyoyi biyu su zauna a nisa ɗaya daidai, domin injin zai rasa wadda zai nuna, sai ka ga wurin yana ɓari yana walƙiya. Ko kwale-kwale da tafki a raba su da santimita 1. Ga zane mai faɗin mita 1, nakan fara da zurfin santimita 30 zuwa 40 gaba ɗaya, sannan in gyara da ido. Maɓallin da ke raba tazara daidai wa daida yana da saurin aiki, amma sakamakonsa yakan yi kama da jerin faranti. Ido ya saba ganin abubuwan kusa suna rarrabe sosai, na nesa kuma suna matse da juna, kamar yadda mai tafiya a mota ke ganin itatuwan bakin hanya suna gudu, duwatsun nesa suna tafiya a hankali. Saboda haka ka ba ciyayi da bishiya da tafki tazara mai faɗi, tsaunuka da sama kuma su kusanci juna.

Da ka tura leya baya za ta ƙanƙance a ido, tsarin zanenka ya sauya. Gyaran lissafi ne: haɗa nisan mai kallo da nisan da ka tura leyar, ka raba da nisan mai kallo. Mai kallo yana mita 1.5, sama ta koma baya da santimita 30, wato 1.8 a raba da 1.5, ya ba da 1.2. Ƙara wa leyar sama girma da kashi 20 cikin 100, sai daga gaba zanen ya koma yadda ka tsara shi. Bayan ƙarin ka duba gindinta bai shige ƙasa ba.

Mataki na 7: Gefuna, haske da baya

Abubuwa uku ne suka rage a kan kowane allo. Na farko, yadda ake bi da wuraren shara-shara. Tsarin glTF yana da hali uku: OPAQUE, MASK da BLEND, kuma yawancin manhajoji suna da makamantansu da wasu sunaye. BLEND yana ba da gefe mai laushi kuma shi kaɗai ke iya nuna hazo ko gilashi, amma injin yana jera irin waɗannan alluna ne bisa nisan cibiyarsu daga kyamara, don haka idan mai kallo ya koma gefe, tsauni yana iya tsallakowa gaban bishiya farat ɗaya. MASK yana yanke hukunci ne a kan kowane fiksel, ko a nuna ko a ɓoye, kuma ba ya rikita jeri. Tunda zanen bekta gefensa kaifi ne da ma, MASK nake fara gwadawa, in bar BLEND ga gajimare da inuwa kawai.

Idan ka ga siririn zobe fari ko baƙi ya kewaye surori, launin da ke ɓoye a fiksel marasa gani ne yake tsiyayowa cikin gefen. Nemi zaɓin "Premultiplied Alpha" a saitin hoton ka sauya shi. In babu, koma manhajar hoto ka faɗaɗa launin gefen zuwa waje da 'yan fiksel a ƙarƙashin wurin da ba a gani.

Na biyu, haske. Idan allon yana karɓar hasken manhaja, launukanka za su yi duhu ko su yi ƙyalli kamar roba. Zaɓi nau'in da ba ruwansa da haske, wanda ake kira "Unlit", don ja ya fito ja yadda ka zana shi. Ƙaramar inuwa a ƙasa ƙarƙashin zanen kuwa tana da amfani ƙwarai, ita ke gaya wa ido cewa abin a kan ƙasa yake.

Na uku, baya. Allo mai fuska ɗaya ɓacewa yake idan aka zagaya bayansa. Kunna zaɓin fuska biyu, amma ka sani rubutu zai fito a juye. Ga take, ka yi kwafi na biyu mai kallon baya, ko ka rufe bayan da launi guda.

Idan kauri kake so: hanyar Blender

Ajiye zanen a matsayin SVG bayan ka gama mataki na 2 zuwa na 4. Kafin nan rage yawan ɗigo da "Simplify", musamman idan zanen daga hoto aka kwafo shi ta atomatik, domin irin wannan yakan zo da dubban ɗigon da ba su da aiki. A Blender ka bi "File", "Import", ka zaɓi SVG. Zanen zai shigo ƙanƙane, kwance a ƙasa, kowace sura a matsayin lanƙwasa mai zaman kanta, dukansu a tsayi ɗaya. Launuka tsayayyu suna shigowa, masu narkewa ba sa zuwa.

Zaɓi surorin kowace leya ka haɗe su da Ctrl+J. Idan akwai waɗanda suka hau kan juna, raba su da ɗan tsayi maimakon haɗewa, in ba haka ba wurin da suka haɗu zai zama rami. Ƙara girma zuwa ma'aunin gaske, ka tabbatar da sauyin girman da Ctrl+A, sannan ka juya zanen digiri 90 ya miƙe tsaye. A saitin lanƙwasa akwai "Extrude", wanda ke ba da kauri ta ɓangarori biyu, wato 0.005 yana ba da santimita 1. Lambar santsin lanƙwasa tana zuwa a 12, kuma sauke ta zuwa 4 ko 6 yana rage alwatika sosai ba tare da ido ya lura ba. Duba cikin haruffa irin "a" da "o" ka tabbata ramukansu a buɗe suke. Sannan ka juya komai ya zama raga, wato "Mesh", ka fitar da shi a matsayin fayil ɗin GLB.

GLB shi ne dunƙulallen nau'in glTF na ƙungiyar Khronos, kuma shi wayoyin Android suke buɗewa a AR. Na'urorin Apple kuwa USDZ suke so, tsarin da Apple da Pixar suka fito da shi a 2018. Idan aikin na kowa da kowa ne, ka tanadi duka biyun. Ka kuma adana SVG da PNG da GLB ɗinka a wajen kowace manhaja. Meta ta rufe dandalinta na Meta Spark ga masu ƙirƙira na waje a watan Janairun 2025, kuma wanda ke da fayilolinsa na asali a hannu shi ne ya iya kwashe aikinsa zuwa wani dandali cikin sauƙi.

Kafawa da gwaji

Zaɓi inda zanen zai kafu: shimfiɗaɗɗen wuri kamar teburi, bango, ko wani hoto da aka buga wanda kyamara za ta gane. Idan na ukun ne, akwai tarko ga masu bekta. Kyamara tana gane hoto ne ta kusurwoyi da bambancin haske da duhu, zane mai faffaɗan launi guda ko ado mai maimaita kansa kuwa ba ya ba ta abin kamawa. Google tana da ƙaramin kayan aiki mai suna arcoreimg da ke ba hoto maki daga 0 zuwa 100, kuma tana ba da shawarar 75 zuwa sama. Ka kuma shigar da ainihin faɗin hoton da aka buga, domin da shi ake lissafin girman duk abin da zai hau kansa.

Abin da ka gani a kwamfuta ba gwaji ba ne. Tura aikin zuwa waya, ka tashi tsaye. Fara daga inda ka tsara mai kallo zai tsaya, ka duba ko tsarin ya yi daidai da zanen asali. Matsa dama da hagu a hankali kana neman ramuka da leyoyin da ke tsallake juna. Matso har gefuna su fara dusashewa, ka ga ko nisan ya yi kusa da inda mutane za su tsaya. Durƙusa, ɗaga wayar sama, zagaya baya. Gwada a wuri mai haske da wuri mai duhu, a gaban bango fari da kuma wuri mai tarkace, domin farin rubutu da ya fito sarai a wani wuri yana iya ɓacewa a wani. Ƙasa mai sheƙi da bango marar ado suna wahalar da bin diddigi, don haka idan zanen yana zamewa, sauya wuri kafin ka zargi fayil.

Sai ka nemi waya mafi rauni da za ka iya samu ka bar aikin a buɗe minti biyar. Idan ta yi zafi ko hoton ya fara tsinkewa, koma mataki na 5: sauke leyoyin baya zuwa 1024, datse fankon da ke kewaye da ƙananan abubuwa, ka haɗe duk leyoyi biyun da tazararsu ba ta kai ido ya bambance ba, sannan ka sake turawa ka gwada.